Shekarar da Na Yi wa Mai Manja Addu'a

A zumuntar mata ta cocinmu da ke Sabon Gari muna da wata al'ada da muke yi a taron farko na kowace shekara. Ana rubuta sunan kowace mace a 'yar takarda, a nannaɗe, a zuba cikin ƙwarya, matar fasto ta rufe da kallabi ta zagaya da ita. Kowa ta sa hannu ta ɗauki ɗaya. Sunan da ya zo hannunki, wannan matar za ki riƙa yi wa addu'a kullum har shekara ta ƙare. Ba a faɗa wa kowa, ba a musaya, ba a mayarwa. Sai mako guda kafin Kirsimeti ake zama, kowace ta tashi ta bayyana wadda ta ɗauka, ta miƙa mata 'yar kyauta, a yi guɗa, a ci shinkafa, a watse. Na yi shekaru ina yin wannan bai taɓa damuna ba, don yawanci sunan wata baiwar Allah nake samu wadda babu abin da ya taɓa haɗa mu sai gaisuwa.

A shekarar da nake magana a kanta, na warware takardata a bakin ƙofar coci na ga sunan Mama mai manja. Na nannaɗe, na sake buɗewa, sunan yana nan yadda yake.

Mama mai manja dattijuwa ce da ta zo Kano daga gabas tana amarya. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar ta a nan, ita kuma ba ta koma ba. Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, sai dai bakinta ba shi da birki. Tana da rumfa a kasuwar Sabon Gari inda take sayar da manja da busasshen kifi, a coci kuma ita ce mai buga tulu idan mata suka tashi waƙa. Ba a riga ta zuwa sujada, ba a fi ta azumi. Idan aka ce ita za ta rufe taro da addu'a, wadda ta bar abinci a wuta sai dai ta haƙura da shi.

Ni kuwa malamar firamare ce a Fagge. Mijina kafinta ne, haifaffen Sabon Gari, shi ma iyayensa daga gabas suka zo. Allah ya ba mu 'ya ɗaya, mai sikila. Ta yi shekara tara tare da mu, ta rasu shekara biyu kafin wannan ƙwarya ta zo gabana. Ranar da mata suka zo gaisuwa ina zaune a tabarma a tsakar gida. Mama mai manja ta ratsa mutane ta zauna kusa da ni, ta dafa gwiwata, ta yi magana da muryar da kowa ya ji.

"Malama, da kun dage da addu'a da azumi, da yarinyar nan tana nan. Sake kuka yi."

Wasu mata suka shiga zungurinta, matar fasto ta yi sauri ta ta da waƙa don a rufe zancen. Amma maganar ta riga ta shiga, ta samu wuri a raina ta zauna.

Ba wai na daina zuwa coci ba. Ina ɗaura zanen zumunta kamar kowa, ina rufe ido, ina cewa amin a daidai inda ake cewa. A gida kuma kowace safiya mijina yakan ja mu addu'a kafin ya fita, ni ina durƙushe a gefensa ina tunanin darasin da zan koyar. Gaskiyar da babu wanda ya sani ita ce na daina magana da Allah. Lissafin da nake yi mai sauƙi ne, kuma ta kowane gefe na bi sai ya rufe mini baki. Idan matar nan ta yi gaskiya, to ni na kashe 'yata da lalaci, da wane ido zan dubi Ubangiji? Idan kuma ba ta yi gaskiya ba, to na roƙa, ya ji, bai ba ni ba, me zan sake roƙa? Abin yana ba ni tsoro, domin ba haka aka raine ni ba. Mahaifiyata ba ta ɗora tukunya sai ta yi addu'a, ba ta saukewa sai ta gode, ko allura ta ɓace mata sai ta gaya wa Allah kafin ta ɗaga tabarma. Ga 'yarta kuma ta zama mai durƙuson banza. Babban tsorona shi ne in tsufa in mutu a haka, ina sunkuyar da kai kullum ba na cewa komai.

Washegari na samu matar fasto a gida, na ce mata akwai matsala a takardata, ina so a canza mini. Ba ta tambaye ni suna ba. Ta ci gaba da gyaran alayyahunta ta ce ba ita ta zaɓa mini ba, hannuna ne ya ɗauko. Ta ƙara da cewa babu mai bin kowa gida ya duba ko tana yi, in na ga dama in ajiye takardar a ƙarƙashin katifa, sai dai in tuna a Disamba zan tashi tsaye gaban mata in ce na yi. Nan ta kama ni. Ni da nake tsare 'yan aji uku a kan ƙaryar fensir, ba zan iya tsayawa a coci in shirga tawa ba. Na fito ina jan tsaki har bakin titi.

Sai na samo dabara. Kullum da safe ina hawa adaidaita sahu daga unguwarmu zuwa makaranta, kuma dole mu bi ta mahaɗar Bata. Wanda ya san Bata da safe ya san babu mai wucewa da sauri. Masu baro, 'yan dako da dilolin atamfa a ka suna nufar Kantin Kwari, masu bas suna lodi a tsakiyar titi, kowa yana danna oda kamar ita za ta buɗe hanya. Wannan lokaci dama asararsa nake yi, don haka na ce shi zan ba ta. Ba zan ba ta safiyata a gida ba, ba zan durƙusa saboda ita ba. Daga inda cunkoso ya fara zuwa inda ya sake mu, nata ne, ko minti ɗaya ba zan ƙara ba.

Addu'o'in da na yi mata a watannin farko, in na tuna su yanzu kunya nake ji, wani lokaci kuma dariya. Rana ta farko abin da na iya cewa kawai shi ne, Ubangiji, ka dai ji abin da ta faɗa. Wata rana in ce ya rage mata tsawon harshe. Wata rana in roƙa ya nuna mata kuskurenta a fili, kuma in da hali ina wurin. Ranar da hanya ta buɗe da wuri murna nake yi, in ce yau ta samu gajera. Ban lura ba a lokacin, amma wannan ne karon farko cikin shekara biyu da nake buɗe baki ina fuskantar Allah, ko da yake da faɗa nake zuwa.

Akwai wata Hajiya da ajinta ke jikin nawa, 'yar gidan malamai ce daga Rijiyar Lemo, mun shekara goma muna cin abinci a kwano ɗaya. Wata rana lokacin tara muna cin awara a gindin darbejiya, ta ce ta ga kwanan nan ina shigowa makaranta fuska a murtuke kamar wadda ta yi faɗa da ɗan sahu. Na ba ta labarin ƙwarya da takarda, ban faɗi suna ba. Ina zaton ta gane wadda nake nufi, don tana tsakar gidanmu ranar gaisuwar, amma ba ta nuna ba. Da na gaya mata irin abin da nake roƙa, ta yi dariya har ta ajiye cokali.

"Malama, wannan ai ƙara kike kaiwa, ba addu'a ba. Ita matar me take buƙata?"

Na ce hankali. Ta ce ban da shi fa. Shekara goma sha biyu muna coci ɗaya da matar nan, ban san ƙofar gidanta ba, ban san ko tana da mai ɗebo mata ruwa ba. Na ji haushin Hajiya ranar, har na ƙi jiranta da aka tashi.

Duk da haka tambayar ta bi ni gida, na fara sa wa Mama mai manja ido. Na lura wasu ranakun hannunta na rawa a kan tulu, har kiɗan ya kuɓuce mata mata su waiga. Na lura leɓenta yakan bushe ya yi fari. Idan aka kawo jariri gaban ikkilisiya don a miƙa shi ga Allah, ita da ba ta barin kujerar gaba sai ta tashi ta ce za ta zaga. Wata Asabar na yi ta maza na bi ta layinta a kasuwa, layin da na shekara biyu ina kewaye shi ta wajen 'yan tumatir. Ta gan ni ta washe baki, ta auna mini kwalba ɗaya har da gyara, ta ce kallabina bai dace da zanena ba, kuma an kwana biyu ba a ga mijina a taron maza ba. Saura kaɗan in juye mata manjan a ka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane ba ta ma tuna abin da ta faɗa mini ba. Ni ina ɗauke da maganar dare da rana, ita kuwa ta yar da ita tun a ƙofar gidanmu.

Cikin damina aka sanar a zumunta cewa jiri ya kwashe ta a kasuwa ta faɗi, ta yi targaɗe a ƙafa, a asibiti kuma an gano tana da ciwon suga. Aka raba mu biyu-biyu mu riƙa zuwa dubiya. Wadda aka haɗa mu tare ɗanta ya kwanta zazzaɓi ranar, don haka ni kaɗai na tafi bayan an tashi daga makaranta, da alale da kunu marar suga a kwando.

Ɗaki ɗaya take haya a wani babban gida mai 'yan haya da yawa. Gado, kujera ɗaya, jarkokin manja jere a bango, ƙwayoyin magani a kan wani ɗan tebur. Tana kwance ƙafa a naɗe, ta rame sosai. Na zuba kunu na miƙa mata, ta kau da kai ta ce azumi take yi, sai rana ta faɗi. Na tambaye ta ko ta sha maganin safe, ta ce ta sha. Na ce a kan me, ta ce a kan yawu. Nan muryar aji ta taso mini. Na ce likita ya ce ta riƙa ci a kan lokaci, wannan azumin ne ya kayar da ita, in ta ci gaba wata rana ba targaɗe za ta yi ba, gawarta za a ɗauko daga cikin jarkoki. Na faɗi fiye da haka ma, kuma ba duka don tausayi na faɗa ba.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce ɗanta yana kan hanya. Ashe tana da ɗa ɗaya, direban babbar mota, yana kai albasa da wake kudu ya dawo da manja. Duk ranar da motarsa take kan titi, ita ba ta cin komai daga asuba har faɗuwar rana, sai ya bugo waya ya ce ya sauka. A wata guda yakan yi kwana ashirin a hanya. Na ce wa ya ɗora mata wannan, ta ce babu kowa.

"Huɗu na haifa, Malama. Uku na yi sake da su. Wannan ɗayan ba zan yi sake ba."

Sai ta jera mini su, ba kuka, kamar mai karanta abin da ta haddace. Na farko ƙyanda ta kama shi a makon da kasuwa ta hana ta zuwa taron addu'a. Ta biyu ta kwanta ciwo, ita ta ɗauki azumi, yunwa ta ci ƙarfinta saboda tana da ciki ta karya da tsakar rana, bayan kwana biyu yarinyar ta tafi. Na uku kuwa ya tafi ne ranar da barci ya sace ta ba ta tashi addu'ar asuba ba. Fiye da shekara talatin ke nan, amma ta riƙe ranakun da abin da ta ci da abin da ta sa. Na rufe kunun na ajiye kusa da maganin, na share mata ɗaki, na yi mata sallama.

Da ƙafa na koma gida, ina tsallake kwatoci da suka cika da ruwan sama. Zan yi ƙarya in na ce haushinta ya tafi ranar. Maganar da ta faɗa mini mummuna ce, har gobe mummuna ce, ba a faɗa wa uwar da ta binne 'yarta jiya. Amma na gane ba jifana ta yi ba. Abin da take gaya wa kanta kowace safiya ne ta juyo ta gaya mini, kuma a wurinta wannan shi ne gaskiyar duniya. Na kuma gane dalilin da ya sa ta riƙe shi da ƙarfi haka. In laifinta ne, to akwai abin da za ta iya yi don ta tsare na huɗun. In ba laifinta ba ne, to babu komai a hannunta, kuma wannan ya fi yunwa ban tsoro. Na san wannan tsoron, don ni ma shi ne ya rufe mini baki.

Washegari da muka tsaya a Bata na rasa ƙarar da zan kai. Na yi ta kallon wani mai rake yana fere, har can na ji na ce, Ubangiji, ka bar matar nan ta ci abinci. Ina faɗa na ga na shiga wata rigima. Wa nake roƙa? In shi mai ƙirga azumi ne, wanda ke ɗauke yaro don uwarsa ta yi barci, to ita ce mai gaskiya, gara ta zauna da yunwarta. Ba zan iya roƙa mata hutu ba sai in na yarda ba haka yake ba. Makonni na yi ina wannan kokawa a cikin adaidaita, jaka a cinya, wani lokaci har a wuce da ni ƙofar makaranta.

Abin da ya taimake ni ba wa'azi ba ne, tunawa da 'yata ne. Idan ciwon ya tashi mata takan kira ni ta ce in riƙe mata ƙafa. Ta san riƙon ba ya cire ciwon, ta gwada sau ba adadi. Amma ba ta taɓa fasa kirana ba, ba ta kuma taɓa tunanin sai ta yi mini wani aiki kafin in zo ba. Tana kira ne don ni uwarta ce, ni kuma ina zuwa. Ban ce wannan ya amsa mini dalilin da ya sa ta tafi ba, har yau ban san dalilin ba. Ya dai sa na soma ganin cewa mutum zai iya kiran Allah ba da niyyar ciniki ba. Daga nan addu'ar ta ƙi tsayawa a iyakar da na yanka mata. Sai in tsinci kaina ina yi wa matar nan roƙo ina wanke-wanke, ko ina duba littattafan yara, ina faɗa masa ƙafarta, da sugarta, da tayoyin motar ɗanta.

Ranar bayyanawa a Disamba ba ta da wani labari. Na tashi na faɗi sunanta, na ba ta turmin atamfa, mata suka yi guɗa, ta ɗaga shi ta ce kalar ta yi mata duhu. Ɗan nata yana nan har yau yana tuƙi, amma ba na kafa hujja da wannan, domin tawa ma an yi mata addu'a. Abin da ya faru tsakaninmu ya riga ya faru tun wata biyu kafin nan, a rumfarta.

Wata Asabar ce, ta koma kasuwa tana ɗingishi. Na ji a zumunta cewa ɗanta ya tashi da lodin albasa tun ranar Alhamis, don haka na san a wane hali zan same ta. Na dafa faten wake da alayyahu na zuba a kula, na isa wurinta da tsakar rana. Tana zaune a benci ta jingina da jarka, idonta ya faɗa, tana auna wa wata mata manja hannu na rawa. Na jira matar ta tafi, na ajiye kular a gabanta na buɗe.

"Mama, yau ni zan yi masa addu'a. Ke ki ci."

Ta dube ni ta tambaya ko azumi nake yi. Na ce a'a, na sha koko da ƙosai da safe har na ƙoshi. Ta ture kular da bayan hannu ta ce addu'ar mai cikakken ciki ba za ta kai mota ko Lokoja ba. Raina ya ɓaci, abin da na kusan shekara uku ina haɗiyewa ya fito da kansa.

"Mama, kwana ashirin da ɗaya na yi ina azumi a bakin gadon 'yata. Ban tsallake ko ɗaya ba, mijina ma haka. Ban yi barci na bar addu'a ba. Duk da haka ta tafi."

Wani mai baro ya zo wucewa yana neman hanya, ba wadda ta motsa a cikinmu. Ta tambaye ni ko da gaske ashirin da ɗaya, na ce ƙwarai. Ta ce ban karya ko sau ɗaya ba, na ce ban karya ba. Ban sani ba ko a lokacin ta tuna abin da ta faɗa mini a tabarma. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma na ga ba shi na zo nema ba. Ta sauke murya, irin yadda ban taɓa jin ta yi ba.

"To me ya ɗauke ta?"

"Sikila, Mama. Naki kuma ƙyanda da zazzaɓi. Ba abincin da kika ci ba ne, ba barcinki ba ne."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Can ta ce, in ta ci kuma wani abu ya same shi a hanya fa? Na so in ce mata babu abin da zai same shi, kalmar tana bakina, amma ba ni da ikon faɗarta, ni da na san yadda ake roƙo a rasa. Na ce ban sani ba, ba ni da tabbacin da zan ba ta, abin da na sani kawai yana hannun Allah ko ta ci ko ba ta ci ba. Na san in wani abu ya samu motar nan yau, matar nan ba za ta sake sa loma a baki da rana ba har ta mutu, ni ma ban san yadda zan ɗauka ba. Babu abin da na riƙe, ba azumi, ba alkawari.

Na zauna a bencin kusa da ita, na kama hannunta mai maiƙon manja, na sunkuyar da kai a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Addu'ar gajeriya ce. Na roƙa wa ɗanta idon da ba ya gyangyaɗi da hanya mai lafiya. Na roƙa mata hutu. Sai na ji na ambaci 'yata a gaban Allah, karo na farko tun ranar da aka binne ta, na ce na gode da shekara taran da ya ba mu, na ce har yanzu da ciwo, ya sani. Da ƙyar na kai ga sunan Yesu. Ita ce ta ce amin, a hankali.

Motar tana can wani wuri a kan hanya, babu wadda ta san inda take a cikinmu. Mama ta fasa ruwan leda ta wanke hannu, ta jawo kular gabanta. Ta ɗebi cokali ɗaya ta riƙe shi a sama, ya daɗe a nan, sannan ta kai baki. Hawaye suna bin kumatunta suna sauka a zane, tana tauna a hankali. Ta haɗiye, ta ce gishiri bai ji ba, ta sake ɗebo wani.